Wadda Ta Buɗe wa Mai Hoto Ƙofa

Matera, 9 ga Oktoba, 2018

Gwaggo Filomena,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da gwiwar nan taki da ba ta shiri da sanyin Belgium. Yaya idon? Sun sa ranar cire yanar, ko har yanzu suna ja miki rai? Mu lafiya lau. Fulvio yana gaishe ki, ya ce in gaya miki ya rage cin gishiri. Ƙarya yake.

Kin ga daga inda nake rubuto miki. Fulvio ne ya shirya tafiyar a ɓoye saboda cikarmu shekara ashirin da biyar da aure, sai da jirgi ya sauka a Bari na san inda muka nufa. Gabana ya ɗan faɗi, don kin san Baba har ya koma ga Allah bai taɓa kawo mu garinku ba. Kullum sai ya ce bana aiki ya yi yawa, sai baɗi. Na so in kira ki, amma na san halinki da waya, in yi ta ɗaga murya kina cewa wa ke magana. Shi ya sa na ɗauki 'yan takardun otel ɗin nan.

Otel ɗin yana can ƙasa a tsohon gari, cikin kogunan dutsen nan da mutane ke zama a dā, ɗaki tara ne kacal. Gwaggo, an kashe wa wurin nan aiki. Farin dutse an goge shi sumul, kyandir a kowane lungu, zanin gado kamar kada ka tashi. A ƙuryar ɗakin an sassaƙa bahon wanka a jikin dutsen, bakin tsohuwar rijiya kuma an rufe shi da gilashi an kunna fitila a ciki. Matar da ke karɓar baƙi, Imma, da ta duba katina ta ga sunan gidanmu sai ta ɗago kai ta ce, "Tataranni? To ɗaki na huɗu za mu ba ki." Na ɗauka karramawa ce kawai.

Sai da na ajiye jaka na lura da hoton. Babba ne, baƙi da fari, yana fuskantar gado. Wannan ɗakin ne da muke ciki, a shekarar 1951. Inda bahon yake yanzu, alfadari ne a ɗaure. Gado guda ɗaya mai tsayi, kaji a ƙarƙashinsa, fo a gefen murhu. Yara uku a tsaye ba takalmi, jariri yana kwance a cikin aljihun kabad. A ƙasa wani ya rubuta da hannu: Bruna, Filomena, Eustachio, Donato, gidan Vito Tataranni.

Na zauna a bakin gado. Yaron nan mai kunnuwa fato-fato, Eustachio, Baba ne, ko cikin dubu zan fitar da shi. Baban da ya rene mu da labarin gida mai baranda kusa da babban coci, wai Kaka tana jera tukwanen fure a kai. Ashe a nan aka haife shi, taku uku daga alfadari.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne abin da na yi da kaina. Imma ta shigo da tawul, ta gan ni na ƙura wa hoton ido, ta ce, "Danginki ne?" Sai na ji bakina ya ce, "A'a, suna ne ya zo ɗaya." Fulvio ya juyo ya dube ni. Takarda ta cika, bari in ɗauki wata.

Duk wannan bai hana ni sukuni ba kamar Bruna. Ku uku na sani, ban taɓa jin sunanta a bakin kowa ba. Ga ta nan a gabana yanzu da nake rubutu, tana kallona ido cikin ido, irin kallon wanda ya daɗe yana jiran a zo. Goshinku ɗaya, haɓarku ɗaya. Ba ta ce min komai ba, ai ba za ta ce ba, shi ya sa nake tambayarki. Wace ce ita, me ya faru? Jibi za mu koma Torino, ki aiko amsa can.

'Yarki,
Ornella

Charleroi, 30 ga Oktoba

Ornella,

Takardarki ta iso. Gwiwa tana nan yadda kika san ta, ido kuma sun ce sai bayan Kirsimeti. Ki gaida mijinki.

Kwana goma sha biyu takardar nan tana ƙarƙashin gwangwanin sukari ban iya amsawa ba. Na ga hatimin Matera a jikin ambulan, na ɗauko gilashin da nake ƙara girman rubutu da shi, sai ga sunan da na yi shekara sittin da bakwai ban furta ba. Ashe tana da rai. Na zauna a kicin har kofi ya ƙone a kan wuta, maƙwabciyata ce ta jiyo ƙauri ta zo ta buga ƙofa.

Kin ce ba ta ce miki komai ba, kuma ba za ta ce ba. Haka take tun tana yarinya, ko dukanta ake ba ta buɗe baki. Tunda ta yi shiru, ni zan faɗa. Gara ki ji daga bakin mai laifi.

Bruna yayarmu ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Kuma ba a gida mai baranda aka haife mu ba. Ubanki ne ya gina barandar nan da bakinsa a Torino, lokacin da abokan aikinsa a masana'antar mota ke tambayarsa ko gaskiya ne mutanen garinmu da dabbobi suke kwana. Gaskiya ne. A kogo muka tashi, mu shida da alfadari.

Ina shekara tara, Bruna sha biyar, wani mutum ya zo unguwarmu daga Roma da kyamara a wuya. Gida-gida yake bi ana rufe masa ƙofa, don maza sun yi gargaɗi kada a bar baƙo ya ga ɗakinmu. Ranar Baba yana gona, Inna ta kai kwaɓin burodi wurin masu gasawa. Mutumin ya tsuguna a gabana ya fito da cakulan. Ban taɓa ɗanɗana shi ba, a tagar shago kawai nake gani. Na buɗe masa ƙofa. Bruna ta dawo daga ɗibar ruwa ta tarar yana ciki, kafin ta yi magana ya jera mu ya ɗauka.

Bayan wata guda hoton ya fito a jarida, da manyan baƙaƙe a kai wai ga abin kunyar ƙasa. Wanzamin unguwa ya manna shi a jikin madubinsa. Duk wanda ya je aski sai ya ga fo ɗin gidanmu. Baba ya dawo ranar fuskarsa kamar ba jini, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Wa ya buɗe masa?" Na nuna Bruna. Ta dube ni sau ɗaya, ba ta ce komai ba. Ya cire ɗamarar alfadari ya dake ta har Inna ta shiga tsakani. Kafin sati ya zagayo an sa ta a mota zuwa Bari, aikatau a gidan wani likita. Baba ya ce duk wanda ya sake ambatar sunanta a gidansa zai bi ta. Muka yi shiru. Da ya mutu ma shirun ya riga ya zama jiki. Ubanki yana shekara biyar lokacin, Donato yana goye, su ba su da laifi.

Na faɗa wa limamin coci sau uku, a garuruwa uku, kowanne ya ce yarinta ce, an yafe. Ni dai ban ji an yafe ba.

Yanzu ki gaya min yadda take. Tana tafiya da ƙafarta? Wa ke kula da ita? Ta haihu? Da kika faɗi sunana, me fuskarta ta yi?

Gwaggonki,
Filomena

Torino, 6 ga Nuwamba

Gwaggo,

Ina fatan kina lafiya. Ni kam tun jiya ban san a wane hali nake ba. A asibitin da nake aiki na buɗe takardarki lokacin hutun rana, sai da wata abokiyar aiki ta karɓe ni, don na kasa komawa bakin aiki.

Gwaggo, don Allah ki zauna kafin ki ci gaba. Ban ga Bruna da rai ba. A hoto na gan ta. Ki koma ki duba cikin ambulan ɗin nan da kyau, takarda uku na sa, sirara ne, ina jin biyun farko sun manne a ciki kin zaro ta ƙarshe kaɗai. Hoton da kike ba ni labari, wanda wanzami ya manna a madubi, shi ne a rataye a ɗakin otel ɗin da muka sauka. Ɗakin kuma kogonku ne. Da na ce ba za ta ce komai ba, hoto nake nufi.

Na yi ta karanta abin da na rubuta ina cizon yatsa. Na sa ki kwana goma sha biyu kina zaton ta dawo, na kuma sa kin buɗe abin da ba ki yi niyyar buɗewa ba. Ki yafe min.

Amma ba zan ɓoye miki ba, akwai fushi a raina, ban ma san da wa nake yi ba. Ina da gwaggo guda cur da aka share kamar ba a haife ta ba. Na riƙe hannun Baba wata huɗu a asibiti, mun yi hirar komai, har sunan karen da ya taɓa cizonsa ya gaya min, bai ce Bruna ba. Ke kuma kina shekara tara. Jikanyarki Lea shekararta tara yanzu, jiya na dubi hotonta a jikin firij na kasa gane yadda za a ɗora wa wannan abu irin wanda kika ɗauka.

Ban sani ba ko tana da rai. Amma wani ne ya rubuta sunayenku da hannu a ƙasan hoton, kuma wanda ya rubuta ya san har sunan jariri. Ki ba ni izini in tambaya.

Ornella

Charleroi, 3 ga Disamba

Ornella,

Lafiya lau, sai sanyi. Na ga takardun biyu, suna nan manne kamar yadda kika ce. Shekara sittin da bakwai ina riƙe da bakina, takardar otel ta zo ta buɗe shi.

Na karanta sau huɗu ban gama yarda ba. Wato mutane suna shiga jirgi su zo su yi wanka a inda alfadarinmu ke cin ciyawa. Rijiyar da ta ba Donato zawo har ya kusa tafiya, ita aka kunna wa fitila. Da Baba zai tashi ya ga hoton nan a bango baƙi suna yaba shi, da ya sake mutuwa.

Batun tambaya, ban yarda ba. In ta mutu, ba na son sani. In tana da rai, ba ni da fuskar da zan kai mata. Ki bar abin yadda kika same shi. Kada ki gaya wa 'ya'yana.

Filomena

Matera, 12 ga Janairu, 2019

Gwaggo,

Barka da sabuwar shekara. Na ji an yi aikin idon lafiya, Allah ya ƙara sauƙi. Da manyan baƙaƙe nake rubutu, a takarda mai kauri, kuma na sa wa kowace lamba.

Na saɓa miki. Na yi wata guda ina ƙoƙarin bin maganarki, na kasa. Na ɗauki hutun kwana uku na dawo ni kaɗai. Da na shiga otel ɗin na tsaya gaban Imma na ce, "Ranar nan ƙarya na yi miki. Yaron mai kunnuwa ubana ne."

Ta ajiye biron hannunta ta ce, "Ke ce ta goma sha ɗaya. Duk Tataranni da ya zo nan, ɗaki na huɗu muke ba shi, haka tsohuwar ta roƙa. Goma sun ce ba su san kowa a hoton ba. Ke ma kin ce haka, amma ke kaɗai na ga kin kasa cin burodin safe."

Na ce wace tsohuwa. Ta ce wadda ta kawo musu hoton lokacin da ake gyaran wurin, ta rubuta sunayen da hannunta. Tana zaune a sabon gari, hawa na biyu, saman wani shagon gyaran takalmi.

Tana da rai, Gwaggo. Shekararta tamanin da uku nan da watan Maris. Da sanda take tafiya, amma ita ke girkinta. Mijinta direban jirgin ƙasa ne, ya rasu, tana da 'ya'ya maza biyu da jikoki biyar. Ta dawo garin nan tun 1975, ta tarar kowa ya watse.

Da ta buɗe ƙofa ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Kunnuwan Eustachio. Shigo, kina sako min sanyi." Ba ta rungume ni ba, ba ta yi kuka ba. Ta zuba min dakakken wake da ganye mai ɗaci, ta zauna tana kallona har na cinye. Da na gaya mata Baba da Baffa Donato sun rasu, ta yi alamar gicciye. Sannan ta ce, "Filomena fa?"

Na ce kina nan. Na ce kin gaya min ke kika buɗe ƙofa, kuma abin bai taɓa barinki ba.

Sai ta yi dariya har ta kama tari. Ta ce, "Ƙofa? Har yanzu a nan take? Ai Baba ya sani tun ranar. Da ya dawo daga gona cakulan ne dama-dama a gaban rigarta, Inna ta sha wanki bai fita ba. Wa zai kasa ganewa?"

Na ce to me ya sa ya doke ki, ya kore ki.

Ta ce, "Matar likitan tun kafin bikin Ista take nemana, Baba ya riga ya amsa. Abinci ba ya isa. Amma mutum irinsa ba zai tsaya a unguwa ya ce ya kasa ciyar da 'ya'yansa ba. Da hoton ya fito sai ya samu abin faɗa. Gara a ce ya kori 'ya don ta ja masa kunya, da a ce ya ba da ita don tukunya ba ta cika. Da Filomena ta nuna bango ma, ni ce zan tafi."

Na gyara zama. Na ce, "To ba kya fushi da ita ke nan."

Nan fuskarta ta canza. Ta ce, "Wa ya gaya miki? Yarinya 'yar shekara tara ba a fushi da ita. Amma mace mai aure da 'ya'ya ana yi. Sau uku na rubuta mata Belgium. Da ƙyar na samo adireshin wajen wata 'yar unguwarmu. Na rubuta da zan yi aure, na rubuta da na haifi na biyu, na rubuta da mijina ya rasu. Ba a dawo min da ko ɗaya ba, ke nan sun isa hannunta. Ko layi ɗaya ba ta amsa ba. Wannan ta gaya miki?"

Gwaggo, wannan ba ki gaya min ba. Na zauna a kujerar matar nan ina kare ki, ban san da wannan ba.

Da zan tafi na tambaye ta ko tana da saƙo. Ta ce ba ta da shi, ta riga ta aika uku. Na kai matakala ta biyu sai ta kira ni ta ce, "Gwiwa ce ko? Duk gidanmu gwiwa ce. Ki ce ta rinƙa shafa man zaitun mai ɗumi."

Adireshin gidanta yana bayan takarda ta uku.

Ornella

Charleroi, 21 ga Janairu

Ornella 'yata,

Ido ya buɗe, ina gani tangaram, har ƙurar da ke saman kabad.

Gaskiya ta faɗa. Sun iso, duka ukun. Na gane rubutunta tun daga ambulan, na san abin da ke ciki, ko na ɗauka na sani. Na ce ba zan iya karanta tsinuwar da na cancanta ba. Na sa su a gwangwanin zare da allura, ban buɗe ba, ban kuma iya ƙonawa ba. Mijina ya mutu bai san da su ba.

Jiya bayan na dawo daga coci na buɗe. Ta farko ta watan Mayu ce, 1964. Ga yadda ta fara: "Filomena ƙanwata, kafin komai, kada ki damu kanki da maganar ƙofar nan, Baba ya sani tun ranar, ba ke ce sanadi ba. Zan yi aure ranar ashirin ga Yuni, ba ni da kowa da zai tsaya a gefena. Ki zo."

Shekara hamsin da biyar abin nan yana cikin gwangwani, ina buɗe shi kullum in ɗauki allura.

Na kira ɗana Sandro na gaya masa ina da yaya mace da bai sani ba, har yanzu bai dawo daidai ba. Ya saya min tikiti, ranar takwas ga Fabrairu zan sauka a Bari da ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe. Ban taɓa shiga jirgin sama ba. Ki zo ki tare ni. Kada ki kama min ɗaki a kogon nan, na kwana a cikinsa iya rabona. Kuma kada ki gaya mata ranar. In ta ga dama ta bar ni a tsaye a matakala, haƙƙinta ne, zan tsaya.

Gwaggonki,
Filomena